Yadda ake haɗa siginar sarrafawa don samun rawar sauti mai rai a sintesaizar analog

Malam, ga tambayarka a taƙaice. Kana da ƙaramin akwatin sintesaiza, wato na'urar kiɗa mai ƙirƙirar sauti da lantarki, na tsarin Eurorack, inda ake haɗa sassa da ake kira modul da wayoyi, mai osileta biyu (masu samar da sauti), filta ɗaya (mai tace sauti), LFO ɗaya, enbelop biyu (masu fitar da bolt da ke hawa ya sauka a kowace nota) da VCA biyu (ƙofofin da bolt ke buɗewa da rufewa don sigina ta wuce), kuma kana kaɗa shi da kibod na MIDI (tsarin aika saƙon nota tsakanin na'urorin kiɗa) ta hanyar na'urar da ke mayar da saƙon MIDI zuwa bolt. Ka ce duk lokacin da ka ja waya daga LFO zuwa osileta don ka sami rawar sauti, wato bibirato, ko dai sautin ya yi ta hawa da sauka fiye da kima, ko kuma ya riƙa rawa iri ɗaya tun daga farkon nota har ƙarshenta ba tare da wani motsin rai ba, kuma kana son sanin yadda za ka haɗa wayoyin.

LFO, wato osileta mai tafiyar hawainiya wadda kunne ba ya jin ta a matsayin sauti, ba ita ce ke ba rawar sauti rai ba. Aikinta kawai ta yi ta kai da komo a sauri ɗaya da ƙarfi ɗaya har a kashe wuta. Abin da kunne ke ji ya ce wannan kiɗan mutum ne shi ne lokacin da rawar ta shigo, da zurfin da ta kai, da yadda ta ƙaru ko ta lafa a cikin nota guda. Idan ka saurari gwanin mai goge za ka ji ba kowace nota yake girgizawa ba: gajerun yakan bar su su wuce a miƙe, doguwar da ya tsaya a kanta ita yake fara ja a tsaye, sannan yatsansa ya motsa ta. Saboda haka bai kamata LFO ta shiga osileta kai tsaye ba. Hanyar da ta dace ita ce ta bi ta cikin VCA, hannunka ya zama shi ke buɗe VCA ɗin da rufe ta, sannan a rage ƙarfin abin da ya fito ƙwarai da gaske kafin ya isa osileta.

Bari mu fara da lissafin bolt, domin a nan matsalarka ta farko take. Tsarin da Robert Moog ya yaɗa a shekarun 1960, wanda kuma Eurorack ya gada tun da Dieter Doepfer ya fito da A-100 a Jamus a 1995, shi ne bolt 1 ga kowane oktaf, wato tazarar da ke tsakanin nota da wadda ta ninka ta a yawan zagaye a sakan. Oktaf yana da rabin taki 12, don haka rabin taki guda ya kama milibolt 83 da 'yan kai, kuma tunda ana raba rabin taki zuwa sent 100, sent guda bai kai milibolt 1 ba, kusan 0.83 ne. Rawar sauti mai daɗin ji a kan layin waƙa takan tsaya tsakanin sent 10 zuwa 25 sama da ƙasa. Idan muka ɗauki sent 20, abin da osileta ke bukata milibolt 17 ne kacal sama, 17 ƙasa. To amma LFO ta Eurorack takan fitar da bolt 5 sama da bolt 5 ƙasa, wasu kuma, irin na Doepfer na asali, bolt 2.5 kowane ɓangare. Wanda ya sa bolt 5 a kafar bolt 1 ga oktaf ya umarci osileta ta hau oktaf biyar ta sauka oktaf biyar, alhali abin da yake nema kashi ɗaya ne cikin kusan 300 na wannan.

Wannan ne ya sa nob guda na rage ƙarfi, wato atenuweta, ba ya isa. Nob yakan juya kusan digiri 300 daga ƙarshe zuwa ƙarshe, kenan duk rawar da kake so tana cikin digiri ɗaya ko biyu na farko, inda yatsa ba zai iya saita komai da daidaito ba. Maganin shi ne a rage sau biyu a jere. Atenuweta ta farko ta mayar da sigina kashi ɗaya cikin goma, nob ɗin da ke kan kafar FM ta osileta, wato kafar da ke karɓar siginar motsa tsayin sauti, ya sake mayar da ita kashi ɗaya cikin goma, sai bolt 5 ya koma milibolt 50, wato sent 60. Wannan shi ne iyakar sama, kuma ya wadatar, domin binciken da Carl Seashore da ɗalibansa suka yi a Jami'ar Iowa a shekarun 1930 ya nuna cewa ko mawaƙan Turai masu horarriyar murya faɗin rawarsu gaba ɗaya kusan rabin taki ne, wato sent 50 sama da 50 ƙasa, masu kaɗa tsirkiya kuwa ba su kai haka ba.

Sai batun kafar da za ka shiga. Yawancin osiletoci suna da kafar FM iri biyu, ɗaya an rubuta mata Exp, ɗaya Lin. Don rawar sauti, Exp ce taka. Ita tana motsa sauti da adadin sent iri ɗaya a ko'ina a kan kibod, yayin da Lin ke motsa shi da adadin zagaye iri ɗaya a sakan. Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan Lin ta ƙara zagaye 5 a sakan a kan nota mai zagaye 110, ta ɗaga ta da kusan sent 77, amma zagaye 5 ɗin nan a kan nota mai 880 bai kai sent 10 ba. Sakamakon shi ne notocin ƙasa su yi ta tangaɗi, na sama kuma su tsaya cik. Bugu da ƙari, a osiletoci da yawa an sa kafasita a bakin kafar Lin, wadda ke tare sigina mai tafiya a hankali, saboda an yi kafar ne don FM mai saurin sauti.

Yanzu ga VCA, wadda ita ce zuciyar haɗin. Cikin biyun da kake da su, ɗaya tana kan hanyar sauti, ɗayar kuma ka ware ta ga wannan aiki. Ka tabbatar da abu biyu game da ita. Na farko, ta kasance mai barin tsayayyen bolt ya wuce, abin da takardar modul ke kira DC coupled, domin wadda aka yi don sauti kaɗai za ta raunana sigina mai zagaye 5 ko 6 a sakan, ta kuma karkatar da siffarta. Na biyu, amsawarta ta kasance madaidaiciya, wato Lin, yadda rabin bolt ɗin sarrafawa zai ba da rabin zurfi. VCA mai amsawar Exp takan yi shiru a rabin farko na tafiyar hannu sannan ta buɗe gaba ɗaya a ƙarshe, kuma wannan yana sa mai kiɗa ya ji kamar rawar ba ta bin hannunsa.

Akwai wani abu a jerin haɗin da mutane da yawa ke juyawa, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Ragewar ƙarfi tana zuwa ne bayan VCA, ba kafinta ba. Dalili shi ne babu VCA ta analog da take tsarkakakkiya: kowace tana da ɗan tsayayyen bolt da ke zubowa a kafar fita, da ɗan ƙara, kuma wani ɓangare na siginar da ke buɗe ta yakan tsallako cikin abin da take fitarwa. A ce wannan zubowar milibolt 10 ce. Idan ka rage LFO tun farko zuwa milibolt 17 sannan ka bi da ita ta VCA zuwa osileta, milibolt 10 ɗin nan zai isa osileta da cikakken ƙarfinsa, wato sent 12, kuma duk sanda ka buɗe rawar sai nota ta goce daga saitinta. Idan kuwa LFO ta shiga VCA da cikakken bolt 5 ɗinta, aka rage abin da ya fito sau ɗari, zubowar ma ta ragu sau ɗari, ta koma abin da kunne ba zai taɓa ji ba. Jerin kenan: LFO, sai VCA, sai atenuweta, sai kafar Exp.

Wannan jerin yana warware wata matsala ta biyu da ta shafi MIDI. Wilin mod, wato ɗan wilin da ke gefen hagu na kibod da ake turawa da yatsa, wanda saƙonsa a MIDI shi ne CC 1, yana da mataki 128 ne kawai, daga 0 zuwa 127, haka ma matsin yatsa a kan maɓalli. Idan an saita haɗin yadda cikakken wili zai ba da oktaf guda, kowane mataki ya haura sent 9, kenan duk rawar da ke da amfani ta ƙare a mataki uku na farko, kuma za ka ji tana tsalle maimakon ta kumbura a hankali. Idan kuwa cikakken wili sent 50 yake bayarwa, kowane mataki bai kai rabin sent ba, tafiyar wilin duka ta zama taka. Don haka ka tura wilin har ƙarshe tukuna, ka saita atenuweta a kan rawa mafi zurfi da za ka taɓa so a waƙar, sannan ka bar atenuwetar kada ka ƙara taɓa ta.

To wane ne zai buɗe VCA ɗin? Hanyoyi uku ne sanannu, kuma tarihin waɗannan na'urori ya gwada kowace. Sintesaizar Minimoog, wadda ta fito a 1970, ta ba wili wannan aiki. Kyawun wili shi ne yana tsayawa inda ka bar shi, kuma ana iya saita shi da daidaito, aibinsa kuma shi ne yana cinye hannun hagu gaba ɗaya. ARP, wata masana'antar sintesaiza, ta bi wata hanya: a Pro Soloist ta 1972 ta sa na'urar jin matsi a ƙarƙashin kibod, a Odyssey ta ƙarshen shekarun 1970 kuma ta sa faifan roba uku masu jin matsi, na hagu yana saukar da sauti, na dama yana ɗaga shi, na tsakiya yana kawo rawa gwargwadon yadda aka danna shi. Yamaha CS-80 ta 1977 ta kai abin ƙololuwa, domin kowane maɓalli yana jin matsinsa daban, kuma ana iya aika matsin ga zurfin rawa da saurinta a lokaci guda. Dogayen notocin makaɗin nan ɗan Girka, Vangelis, da ke fara miƙewa sannan su kumbura su yi rawa, daga wannan haɗin suke fitowa. Hanya ta uku ita ce a bar na'ura ta jinkirta rawar da kanta, kamar yadda Roland Juno-60 ta 1982 ke da saitin jinkiri a kan LFO ɗinta.

A ganina matsin yatsa, wanda kibod ke kira Aftertouch, shi ne ya fi kusa da abin da kake nema, saboda yatsan da ke riƙe da nota shi ne ke girgiza ta, kuma niyyar mai kiɗa ba ta bukatar ta bi ta wani hannu. Sai dai yana da halaye biyu da dole a gyara. Na farko, siginarsa tana da gargada, domin yatsan mutum ba ya matsawa a miƙe, ga kuma matakan MIDI. Ka bi da ita ta modul mai sassauta sauyi, wanda ake rubuta wa Slew, ka saita shi wajen kashi ɗaya cikin ashirin zuwa ɗaya cikin goma na sakan. Idan ka wuce haka rawar za ta riƙa makara a bayan hannunka, idan ka gaza kuma gargadar za ta fito. Na biyu, idan ka buga maɓalli da ƙarfi, bugun kansa yakan taɓa na'urar jin matsi, sai nota ta fara da rawar da ba ka nema ba, daidai lokacin da kunne ke son ya ji tsayin sautin a tsaye don ya gane notar.

A nan ne enbelop ɗinka na biyu yake da amfani, kuma a nan ne ya kamata ka fahimci bambancin tarawa da ninkawa, domin shi ne ke raba haɗi mai kyau da haɗin da ake fama da shi. Idan ka haɗa enbelop da matsi a cikin miksa sannan ka kai su kafar sarrafa VCA, tara su ka yi: kowannensu yana iya buɗe rawar shi kaɗai. Wannan yana da kyau idan kana son kowace doguwar nota ta sami 'yar rawa kaɗan da kanta, a ce sent 8, sannan yatsanka ya ƙara a kai inda waƙa ta bukata. Idan kuwa ka jera VCA biyu, enbelop yana buɗe ta farko, matsi yana buɗe ta biyu, ninka su ka yi: sai dukansu sun yarda rawa za ta fito. Wannan shi ke kashe matsalar bugun farko, domin ko da matsi ya yi tsalle a farkon nota, enbelop bai buɗe ba tukuna. Haka nan da wili: wilin ya zama shi ke yanke iyakar zurfi ga sashen waƙa gaba ɗaya, enbelop kuma ya tsara shigowar rawar a kowace nota. Ninkawa tana bukatar VCA ta uku a akwatinka, kuma idan za ka ƙara modul guda saboda wannan aiki, ita nake ba ka shawarar ka ƙara, ba wata LFO mai tsada ba.

Game da saitin enbelop ɗin, lokacin hawa kaɗai ba ya wadatarwa, saboda enbelop na analog yana hawa da sauri a farko sannan ya lafa, don haka ko ka tsawaita hawan za ka ji rawar ta leƙo da wuri. Abin da ake so shi ne jinkiri na gaske, kusan kashi uku cikin goma na sakan da babu komai, sannan hawa na rabin sakan zuwa sakan ɗaya, matakin riƙewa kuma a cike. Da haka gajerun notoci za su wuce kafin rawar ta farka. Idan enbelop ɗinka ba shi da matakin jinkiri, modul mai jinkirta get, wato siginar da ke tashi idan an danna maɓalli ta faɗi idan an saki, zai yi aikin. Lokacin sauka kuma ka gajarta shi, domin enbelop na analog yana fara sabon hawa ne daga inda ya tsaya, kuma idan saukar ta yi tsawo, nota ta gaba za ta gaji rawar wadda ta gabace ta. Ka kuma lura da yadda na'urar MIDI ɗinka take yi idan ka danna sabuwar nota kafin ka saki tsohuwa. Idan get bai faɗi ba, enbelop zai ci gaba da zama a buɗe, sabuwar nota ta shigo tana rawa. Wani lokaci haka ake so, amma ya zama kai ka zaɓa.

Saurin rawa ya fi zurfi sauƙin saitawa, amma shi ma bai kamata ya daskare ba. Muryar mutum takan yi rawa tsakanin sau 5 zuwa 7 a sakan. Ƙasa da 4 kunne yakan ji sautin yana gocewa ne yana dawowa, sama da 8 kuma ya ji kamar karkarwar tsoro. Ka fara daga 5 ko 5.5. Idan LFO ɗinka tana da kafar sarrafa sauri, ka raba siginar matsin da ka riga ka sassauta, ka kai mata kaɗan, yadda cikakken matsi zai ɗaga saurin daga 5 zuwa kusan 6.5. A LFO mai bin bolt 1 ga oktaf wannan bai kai bolt 0.4 ba, don haka nan ma sai da atenuweta. Wannan yana da tushe a yadda mutane ke waƙa: Eric Prame, a binciken da ya wallafa a 1994 kan mawaƙa goma, ya gano cewa saurin rawar yakan ƙaru a ƙarshen nota. Wanda ke da modul na Sample and Hold, mai ɗaukar bolt ya riƙe shi, yana iya sa get ya ɗauko sabon bolt daga siginar ƙara marar tsari a kowace nota, a rage shi sosai, a kai kafar sauri, yadda kowace nota za ta bambanta da 'yar'uwarta da kashi kaɗan cikin ɗari. Abin da ban ba da shawara ba shi ne ɗaure LFO da agogon waƙa. Rawar da ke faɗawa daidai kan bugun ganga kunne yakan ɗauke ta a matsayin ɓangaren kari, ta daina zama numfashin notar.

Siffar igiyar LFO ta kasance sain, wato mai hawa da sauka a lanƙwashe ba kusurwa, ko alwatika. A zurfin sent 20 bambancinsu kaɗan ne, sai dai idan rawar ta yi zurfi alwatika takan bayyana kusurwoyinta, kuma ɗan Slew yana goge su. Murabba'i yana ba da tsalle tsakanin notoci biyu, haƙorin zarto kuma ba na wannan aiki ba ne. Abin da ya fi siffa muhimmanci shi ne ko siginar tana kewaya sifili ko tana gefe ɗaya. Kunne yana jin tsakiyar rawa a matsayin tsayin notar, saboda haka LFO mai zuwa sama da ƙasa daidai wa daida tana barin nota a saitinta. LFO mai tafiya daga sifili zuwa sama kaɗai za ta ɗaga tsakiyar, kuma duk yadda ka ƙara zurfi haka notar za ta ƙara hawa. Wannan ba kullum aibi ba ne, domin haka rawar jita take: mai jita yana tura tsirkiya ne, sauti ya hau ya dawo, ba ya sauka ƙasa da notar. Idan irin wannan kake so, ka ƙara tsayayyen bolt a kan LFO kafin ta shiga VCA, ba bayanta ba, yadda idan VCA ta rufe, ƙarin da rawar za su ɓace tare, nota ta koma mazauninta.

Wurin da rawar ke haɗuwa da siginar kibod shi ma yana da ƙa'ida. Idan kana amfani da Glide, wato zamewa daga nota zuwa nota, rawar ta shigo bayansa, in ba haka ba zai ɗauke ta a matsayin sauyin da ya kamata ya sassauta, ya shanye mafi yawanta. Haka ma kwantaiza, wadda ke tura kowane bolt zuwa nota mafi kusa: rawar da ta shiga kafinta ko dai ta ɓace ko ta koma tsalle. Shiga ta kafar Exp ta osileta yana kauce wa duka biyun, shi ya sa na fi son sa a kan haɗa rawar da siginar kibod a cikin miksa. Miksa ta yau da kullum ba ta riƙe bolt 1 ga oktaf daidai, kuma ko raba waya ba tare da bafa ba, wato abin da ke hana sigina raguwa idan an raba ta, yana da farashi, domin kafar fita mai om 1,000 da ke ciyar da kafar shiga mai om 100,000 tana asarar kashi 1 cikin ɗari, wato sent 12 a kowane oktaf. A kan siginar rawa wannan asarar ba komai ba ce, a kan siginar kibod kuwa tana ɓata saiti. Idan dole sai ka haɗa su a waya ɗaya, ka nemi modul ɗin da ake kira Precision Adder.

Da yake osiletocinka biyu ne, ka kai rawar ga dukansu da zurfi ɗaya, ka daidaita nob ɗin FM na kowace da kunne har ka daina jin suna rabuwa idan rawar ta buɗe. Idan ɗaya kaɗai ka girgiza, abin da za ka samu kaurin sauti ne irin na amshi, wanda yake da kyau a wurinsa amma wani abu ne daban. Kana kuma iya kai ɗan kaɗan daga fitar VCA ɗin zuwa kafar sarrafa filta, domin a murya da kayan busa hasken sauti yana motsi tare da tsayinsa. Kaɗan nake nufi, yadda sai an cire shi za a gane yana nan.

Idan wata rana ka zauna gaban na'urar da aka riga aka haɗa cikinta, tunanin bai canza ba. A Minimoog ta asali babu LFO ta musamman, sai a sauke osileta ta uku zuwa LO, a kashe makunnin Osc. 3 Control don saurin rawa ya daina bin kibod, a juya Modulation Mix gaba ɗaya wajen osileta ta uku, a kunna Oscillator Modulation, sai wili ya riƙe zurfi. Farashin shi ne an rasa osileta guda daga cikin sauti, abin da ya sa sabon bugun 2016 ya zo da LFO tata daban. A Korg MS-20 ta 1978 wilin ba a haɗe yake da komai ba sai ka sa masa waya, kuma a allon wayoyinta akwai VCA ta musamman don siginar sarrafawa, ga kuma enbelop na farko mai matakin jinkiri. Sai ka kai MG, wato LFO ɗinta, cikin wannan VCA, wili ko enbelop na farko ya buɗe ta, fitarta ta shiga kafar TOTAL, nob ɗin MG/T.EXT na osiletoci ya zama atenuwetarka.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar LFO ko kaɗan, wato mai kiɗa ya girgiza sautin da hannunsa. Ondes Martenot, wadda Maurice Martenot ya gabatar a Faransa a 1928, daga baya an yi mata kibod mai motsi hagu da dama don yatsa ya yi rawar da kansa, kuma makaɗi Jan Hammer ya yi suna da yadda yake lanƙwasa sautin Minimoog da wilin tsayin sauti. Saƙon lanƙwasa na MIDI yana da mataki 16,384, don haka ba shi da gargadar CC 1, in dai kibod ɗinka da na'urar juyawarka suna amfani da matakan duka. Ka taƙaita faɗinsa zuwa rabin taki ɗaya ko biyu. Wannan hanya ta fi kowace rai, ta kuma fi kowace bukatar atisaye, kuma ba ta hana ka riƙe haɗin LFO don notocin da hannun hagu ke wani aiki.

Kafin ka fara saiti, ka bar akwatin a kunne minti 15 zuwa 20, domin osiletar analog tana gocewa har sai ta ɗumama, kuma a ɗaki mai zafi da ake kunna na'urar sanyaya iska ana kashewa gocewar takan dawo. Sannan ka sa tuna, wato na'urar auna saitin nota, a kan fitar osileta, ka cire wayar LFO daga VCA, ka buɗe VCA ɗin ka rufe da matsi ko wili. Idan allurar tuna ta motsa, zubowar VCA tana isa osileta, sai ka ƙara ragewa a bayanta. Ka mayar da wayar, ka sauke saurin LFO ƙasa sosai har allurar ta iya bin ta, ka buɗe zurfi har ƙarshe, ka duba ko tana zuwa sent 40 zuwa 50 a kowane ɓangare daidai wa daida. Idan ɓangare ɗaya ya fi, LFO ɗin tana da tsayayyen bolt a cikinta, kuma modul mai ƙara ko rage bolt a gaban VCA zai daidaita ta. Bayan haka ka mayar da saurin wajen 5.5, ka saita Slew da jinkirin enbelop a kan layin waƙar da za ka kaɗa, domin waƙa mai sauri tana son jinkiri gajere, mai nutsuwa kuma tana ɗaukar wanda ya kai rabin sakan.